Tsawa na da lokacinta: darasin damina ga arewacin Zamfara

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon watan Oktoba, al'ummar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kan karɓi baƙon da suka daɗe suna roƙon Allah Ya kawo shi, alhali kuma suna jin tsoronsa. Hadarin da ke kawo ruwan da gero da dawa da wake ke jira, shi ne dai ke tafe da tsawar da kan hallaka manomi a gonarsa, ko ta kwantar da garken shanu a daji cikin ƙiftawar ido.

A al'adance akan ɗauki tsawa a matsayin abin da ba ya sallama, wanda kuma babu wata dabara da za a yi masa. Sai dai binciken da masana yanayi suka gudanar cikin shekaru 30 da suka gabata ya nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba. Gaskiya ne har yanzu babu mai iya nuna itacen da tsawa za ta faɗa wa gobe. Amma an san watannin da ta fi yawa, an san sa'o'in da ta fi sauka, an kuma san kusurwar da hadarin da ke ɗauke da ita ke fitowa.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wannan sani bai zama kariya ga mutanen da suka fi buƙatarsa ba?

Inda walƙiya ta fi yawa a duniya

A shekarar 2016 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Rachel Albrecht ta Jami'ar Sao Paulo da ke Barazil ta fitar da taswirar wuraren da walƙiya ta fi yawa a doron ƙasa. Sun yi amfani ne da bayanan shekaru 16, daga 1998 zuwa 2013, waɗanda wata na'urar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta tattara daga kan tauraron ɗan Adam.

Tafkin Marakaibo da ke ƙasar Venezuela ne ya zo na ɗaya. A can akan sami walƙiya kimanin sau 233 a kan kowace murabba'in kilomita guda a shekara, kuma hadari kan taso a kan tafkin cikin dare kusan 297 daga cikin dararen shekara. Garin Kabare da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne ya zo na biyu da kimanin 205. Shida daga cikin wurare goma na farko suna nahiyar Afirka, ciki har da Nguti a maƙwabciyar Najeriya, Kamaru. Daga cikin wurare 500 da aka lissafa kuwa, 283 na Afirka ne.

Abin da ya fi waɗannan alkaluma muhimmanci shi ne tsarin da binciken ya gano. A Marakaibo walƙiya ta dare ce. Duwatsu ne suka kewaye tafkin ta ɓangarori uku, saboda haka idan rana ta faɗi sai iska mai sanyi ta gangaro daga kansu, ta tarar da iska mai ɗumi da laima a kan ruwa, ta cira ta sama, hadari ya haɗu. Lamarin kan lafa a watannin Janairu da Fabrairu, ya kuma tsananta a wajen Satumba da Oktoba. A akasarin sauran wuraren da ke kan tudu kuwa, da yamma ne walƙiya ke kai wa ƙololuwarta, bayan rana ta gama gasa ƙasa.

Ma'ana, kowane yanki yana da jadawalinsa, wanda yanayin ƙasarsa da iskokinsa suka tsara masa. Arewacin Zamfara bai kai Marakaibo ko gabashin Kwango yawan walƙiya ba, domin daminarsa gajera ce. To amma shi ma yana da nasa jadawalin, kuma ana iya karanta shi.

Watannin hadari

Ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tare da Birnin Magaji, su ne suka haɗu suka zama mazaɓar Zamfara ta Arewa a majalisar dattawa. Yanki ne da ke dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama na shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma kusan dukkansa cikin watanni huɗu zuwa biyar yake sauka.

Abin da ke buɗe damina ya kuma rufe ta shi ne kai-komon wasu iskoki biyu. Ɗaya na tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima, ɗayar kuma busasshiya ce daga hamadar Sahara, wadda ke kawo hunturu. Layin da suke haɗuwa yakan kasance kusa da gaɓar teku a watan Janairu. Daga nan sai ya riƙa hawowa arewa sannu a hankali, har ya wuce Agadas a watan Agusta, sa'an nan ya juyo. Ruwa mai yawa yana sauka ne a tazarar ɗaruruwan kilomita kudu da wannan layi. Wannan ne dalilin da ya sa Zariya kan riga Gusau shuka, Gusau kuma ta riga Shinkafi.

Saboda haka ne kuma tsarin tsawa ya bambanta tsakanin kudu da arewa. A kudancin Najeriya takan yi yawa sau biyu, a farkon damina da kuma ƙarshenta. A arewa mai nisa kuwa lokutan biyu sun matso juna, har suka zama zango guda mai tsanani daga Yuni zuwa Satumba.

Ko a cikin wannan zango ma hadari iri-iri ne. Na farkon damina, a ƙarshen bazara, yakan zo da jar ƙura da iska mai kwashe rufin kwano, ga cida da walƙiya, amma sau da yawa ruwan bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne iskar da ke ƙarƙashin gajimaren a bushe take, tana shanye ruwan kafin ya iso ƙasa, ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi ta tayar da ƙura. Irin wannan hadari yana da yaudara, domin mutum na ganin ba ruwa ake yi ba, sai ya ci gaba da aikinsa a fili.

A watan Agusta, lokacin marka, sararin sama kan cika da laima, a wasu ranakun a wuni ana yayyafi ba tare da tsawa mai yawa ba, a wasu kuma manyan hadura su biyo juna. A watan Satumba, yayin da iskar teku ta fara ja da baya, hadari mai iska da kwarankwatsa kan sake bayyana, daidai lokacin da gero ya nuna, jama'a suka duƙufa wajen girbi da ɗaurin dammuna.

Daga gabas yake fitowa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa hadarin gabas shi ne abin dubawa, kuma bangon gabas na ginin ƙasa shi ya fi shan dukan ruwa. Kimiyya ta tabbatar da wannan lura, ta kuma bayyana dalilinta.

Ko da yake laimar damina daga kudu maso yamma take shigowa ta ƙasa-ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi a sama, a tsayin kilomita uku zuwa huɗu, da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a duk tsawon yankin Sahel. Ita ce ke tattara gajimare ta jera su a layi guda, wanda tsawonsa kan kai ɗaruruwan kilomita, ta kuma tura su yamma da gudun da kan kai kilomita 50 zuwa 60 a sa'a guda. Bincike ya nuna cewa irin waɗannan manyan hadura masu tafiya, duk da ƙarancin adadinsu, su ne ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan Sahel. Haka nan iskar tana tafe ne da wani lanƙwashe-lanƙwashe da ke ratsa yankin duk bayan kwana uku zuwa biyar, abin da ya sa sau da yawa ruwa ke zuwa ya ɗauke na 'yan kwanaki ya sake dawowa.

Galibin waɗannan hadura da yamma ake haifarsu, musamman a kan tuddai irin na Jos da duwatsun Azbin da ke yankin Agadas da tsaunukan Darfur a Sudan. Da zarar sun kafu sai su kama hanya, wasu su kwana suna tafiya. Misali mafi shahara shi ne birnin Yamai, inda aka girke na'urori masu yawa a shekarar 2006 ƙarƙashin wani babban shirin ƙasa da ƙasa na binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA. An lura cewa ruwan Yamai ya fi sauka da asuba, domin hadarin da ya taso da yammacin jiya daga nesa a gabas sai a lokacin yake isowa.

Ga arewacin Zamfara wannan na nufin sa'o'in haɗari kashi biyu ne. Na farko daga bayan azahar zuwa magariba, lokacin da zafin rana ke haifar da hadari a nan kusa, wanda kan haɗu cikin sa'a ɗaya ko biyu. Na biyu daga almuru zuwa tsakar dare har asuba, lokacin da manyan hadura ke isowa daga wajen Katsina da Kano da Damagaram. Hantsi shi ne lokacin da ya fi kowane sauƙin tsawa, ko da yake ba a rasa ranar da hadarin dare kan makara.

Wannan tafiya ta hadari ita ce babbar dama. Tazarar birnin Katsina da Zurmi a miƙe ba ta wuce kilomita 100 ba, ta Kano da Ƙaura Namoda kuma ta ɗan haura 200. Ke nan hadarin da aka gani a kan Katsina yana buƙatar sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya kai Zurmi, na Kano kuma kimanin sa'o'i huɗu kafin ya kai Ƙaura. Wannan lokaci ya ishi manomi ya saɓa fartanyarsa, ya ishi makiyayi ya sauko da dabbobinsa daga kan tudu, idan har labari ya same su.

Wa ke waje a wannan lokaci?

Yawan walƙiya kaɗai ba shi ke sa a yi asarar rayuka ba. Abin da ke sa hakan shi ne inda mutane suke a lokacin da take sauka.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1996, tana yi wa kanta kirari da noma, kuma mafi yawan mazauna arewacinta manoma ne da makiyaya. Watannin tsawa su ne watannin shuka da noman fari da maimai da girbi. Sa'o'in yamma kuwa su ne na komawa gona bayan rana ta yi sanyi, da koro dabbobi gida, da aikin fadama a bakin kogunan Gagare da Bunsuru, da ƙwallon matasa a filin makaranta. A ranar Alhamis, lokacin ne 'yan kasuwar Shinkafi ke kama hanyar ƙauyukansu a kan babura da bayan a-kori-kura.

Idan ruwa ya tsinke a irin wannan hali, mafakar da ta fi kusa ita ce gindin tsamiya ko kuka ko darbejiya, ko wata rumfar kara a tsakiyar gona. Waɗannan kuwa su ne wuraren da suka fi kowane haɗari, domin tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi a fili.

Hadarin dare kuma gida yake tarar da mutane, amma ba kowane gida ne ke ba da kariya ba. Ginin da masana ke ɗauka a matsayin mafaka shi ne wanda ke da wayoyin lantarki ko bututun ƙarfe da ke iya kai wutar ƙasa. Ɗakin ciyawa, ko na ƙasa mai rufin kwanon da ba a haɗa shi da ƙasa ba, ruwa kawai yake karewa.

Yadda take yin ɓarna

Walƙiya wutar lantarki ce da ke taruwa a cikin gajimaren da tsayinsa kan kai kilomita 15, inda ƙanƙara ke gugar juna. Idan ta sauka takan zafafa iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000 a ma'aunin Salsiyos, wato ninki biyar na zafin fuskar rana. Faɗaɗar iskar nan take ita ce ƙarar da ake ji.

Likitocin da suka yi nazarin waɗanda tsawa ta shafa sun gano cewa waɗanda ta faɗa wa kai tsaye ba su wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Kusan rabi kuwa wutar da ta bazu a cikin ƙasa ce ke kama su, bayan ta faɗa wa itace ko wani abu a kusa. Takan shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, kuma gwargwadon tazarar ƙafafun, gwargwadon ƙarfin wutar da ke ratsa jiki. Wannan ne ya sa shanu suka fi mutane shiga haɗari, ga shi kuma sukan cure wuri guda idan ana ruwa. A watan Satumban 2019 tsawa ta kashe shanu 36 a kan wani dutse a garin Ijare na jihar Ondo. Ga makiyayi, wannan dukiyar shekaru ce ta tafi a dare ɗaya.

Akwai kuma ƙa'idoji masu sauƙi da ba sa buƙatar kuɗi. Ƙarar tsawa tana cin kilomita guda cikin daƙiƙa uku. Idan tsakanin ganin walƙiya da jin ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, to tana cikin tazarar kilomita goma, kuma tana iya isowa inda mutum yake ko da ɗigon ruwa bai sauka ba. Masana na ba da shawarar a dakata minti 30 bayan cida ta ƙarshe kafin a fita. Mota mai rufin ƙarfe mafaka ce, babur da amalanke kuwa ba mafaka ba ne. Wayar salula ba ta jawo tsawa, sai dai riƙe wadda aka jona da wutar gida yana da haɗari. Wanda tsawa ta buga babu sauran wuta a jikinsa, kuma sau da yawa zuciya ce ko numfashi ke tsayawa, don haka danna ƙirji da hura masa iska nan take na iya ceton ransa.

Asarar da ba a ƙidayawa

Ƙiyasin masana game da yawan waɗanda tsawa ke kashewa a duniya ya kama ne daga 6,000 zuwa 24,000 a shekara. Wannan babbar tazara da kanta shaida ce ta matsalar, domin ƙasashen da abin ya fi shafa su ne suka fi ƙarancin rajistar mace-mace. A ƙauye akan yi jana'iza a ranar, ba tare da an je asibiti ba, labarin kuma ba ya kai wa ga jarida sai idan mamatan suna da yawa. Ambaliya da iska kan bar rusassun gidaje da jami'an agajin gaggawa za su ƙirga. Tsawa kuwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, shi ya sa ba ta cika shiga lissafin kasafin kuɗi ba.

Ƙasashen da suka ƙidaya sun ga amfanin hakan. A Amurka tsawa ta kashe mutane fiye da 400 a shekarar 1943, amma a shekarun baya-bayan nan adadin ya sauko zuwa kimanin 20 a shekara, duk da cewa jama'ar ƙasar sun ninka fiye da sau biyu. Raguwar masu aikin gona da hannu, da ingancin gidaje, da wayar da kai ne suka kawo haka. Bangaladash ta sanya tsawa cikin jerin bala'o'in ƙasa a 2016, bayan mutane fiye da 80 sun mutu cikin 'yan kwanaki a watan Mayu. A Yuganda, mutuwar ɗalibai 18 a makarantar firamare ta Runyanya ranar 28 ga Yunin 2011 ta zaburar da yunƙurin sanya ƙarfen kariya a makarantu, kuma ranar ce aka ware a matsayin ranar wayar da kai kan haɗarin tsawa ta duniya.

Hadarin na ƙara ƙarfi

A shekarar 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken Christopher Taylor na wata cibiyar nazarin muhalli da ruwa ta Birtaniya da abokan aikinsa. Bayan sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru 35, sun gano cewa mafiya tsananin hadura a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita, abin da ke ƙarfafa iskar da ke tsara hadarin.

Game da makomar walƙiya a duniya baki ɗaya, ra'ayin masana ya rabu. Wani bincike na 2014 ya yi hasashen ƙaruwarta da kashi 12 cikin ɗari a Amurka kan kowane digiri guda na ɗumamar yanayi, yayin da wani na 2018 ya yi hasashen raguwarta a duniya. Amma batun ƙarfin hadarin Sahel abu ne da aka riga aka auna, kuma arewacin Zamfara na cikin wannan yanki.

Daga tauraron ɗan Adam zuwa gona

Ta fuskar na'urori, an sami ci gaba sosai. A watan Disambar 2022 ƙasashen Turai suka harba sabon tauraron Meteosat mai ɗauke da na'urar da ke ganin walƙiya dare da rana a kan Afirka da Turai. Daga 2017 zuwa 2022 an gudanar da wani shiri mai suna SWIFT, wanda ya haɗa jami'o'in Birtaniya da hukumomin yanayi na wasu ƙasashen Afirka, ciki har da na Najeriya, domin ƙwarewa a hasashen sa'o'i kaɗan masu zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙaddamar da wani shiri a 2022 da nufin kowane mutum a duniya ya kasance yana samun gargaɗin bala'i kafin ƙarshen 2027.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma fassara shi zuwa Hausa. Tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku da kan ambaci jihohin da ake sa ran tsawa. To amma hukumar na ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama ne, kuma matuƙin jirgi ya fi manomi samun bayani a kan kari. Sanarwar da ta ce ana sa ran hadari a wasu sassan Zamfara da yamma tana da amfani, sai dai ba ta gaya wa mutumin Moriki ko Kwashabawa cewa saura sa'a guda ba.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Shekaru fiye da goma ke nan hare-haren 'yan bindiga na addabar Zurmi da Shinkafi da kewayensu. Manomin da ke shiga gona a cikin fargaba, yana neman ya gama aikin kwana uku a wuni ɗaya, ba zai bar kunya a rabi don ya ji cida ba. Waɗanda aka raba da ƙauyukansu kan kwana a rumfuna da kangwaye. A watan Satumban 2021, ana tsakiyar damina, an katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar, an kuma rufe kasuwannin mako-mako domin matsa wa 'yan bindiga lamba. Wannan ya nuna cewa duk tsarin gargaɗin da ya dogara ga wayar salula kaɗai yana iya yin shiru a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai abin koyi a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka, inda hadarin dare ke kifar da jiragen masunta, har ƙungiyar agaji ta Red Cross ta taɓa ƙiyasta mutuwar mutane 3,000 zuwa 5,000 a shekara. Tsakanin 2017 da 2021 hukumar yanayi ta duniya ta jagoranci wani shiri da ya riƙa isar da hasashe ga masunta cikin harsunansu, ta rediyo da alluna da tutoci a bakin ruwa, kuma ta ce mace-macen sun ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Darasin shi ne, an bi ta hanyoyin da jama'a suka riga suka saba da su.

A arewacin Zamfara waɗannan hanyoyi suna nan: gidajen rediyon Gusau, da masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi da hakimansu da dagatansu, da lasifikar masallatai, da shugabannin makiyaya, da ƙungiyoyin direbobi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, wuri ne da za a iya horar da masu ɗora ƙarfen kariya a kan makarantu da asibitoci da hasumiyoyin masallatai. Fasaha ce da aka sani tun zamanin Benjamin Franklin a ƙarni na 18, sai dai tana buƙatar a binne ƙarshenta a ƙasa yadda ya kamata, in ba haka ba ta zama ado kawai.

Ƙaddara da rigakafi

Tsawa tana da matsayi na musamman a zukatan jama'a. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunanta, wato Suratur Ra'ad, kuma Musulmi kan yi tasbihi idan ya ji ta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ragowar tsofaffin camfe-camfe, irin su rantsuwa da aradu, da ɗaukar cewa maƙaryaci ko ɓarawo take nema. Irin wannan zato yana ƙara wa iyalan mamaci baƙin ciki, yana kuma sa a ɓoye abin da ya faru.

Ko shakka babu ajali na hannun Allah. Amma shari'a da kanta ta yi la'akari da yanayi. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin yankin ke bi, ta yarda a haɗa sallar magariba da ta isha'i a masallaci saboda ruwa mai ƙarfi, kuma ya tabbata a hadisi cewa an umarci ladan ya sanar da jama'a su yi salla a gidajensu a daren ruwa da sanyi. Idan har an sauƙaƙa jam'in salla domin kare lafiya, to barin gona na sa'a guda ko gujewa gindin itace ba rashin tawakkali ba ne. Malamai da limamai na da rawar da za su taka a nan, musamman a huɗubobin farkon damina.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. A batun tsawa, rigakafin ya kasu gida biyu. Kashin farko na hannun jama'a: su san cewa daga Yuni zuwa Satumba, idan gabas ta yi duhu bayan azahar, lokacin tashi ya yi, kuma aikin da ya fi nisa da gida da safe ya kamata a yi shi. Kashi na biyu na wuyan hukumomi: su fara ƙidaya waɗanda ake rasawa, su kare gine-ginen da jama'a ke taruwa, su kuma tabbatar cewa labarin hadarin da ya bar Katsina ya riga shi isa Zurmi.